Hannun da kowa ya ji, sunan da ba kowa ya sani ba

Duk wanda ya yi samartakarsa a shekarun 1980, ya kuma saba tsayawa bakin teburin mai sayar da kaset, da wuya ya rasa sanin Thriller, faifan nan na Maikal Jakson da ya fito a ƙarshen watan Nuwamba na 1982, wanda har wa yau ba a yi faifan da ya kai shi kasuwa a duniya ba. A cikinsa akwai waƙar da ake kira Beat It, wadda wani kiɗan gita mai kaushin murya ke ɗauke da ita. In aka tambayi mai saurare wane ne ya rera ta, nan take zai ba da amsa. In kuwa ya ɗan yi nisa a sanin kiɗan Amurka, zai ƙara da cewa Eddie Van Halen ne ya yi wannan gudun yatsu na tsakiyar waƙar. Amma in aka ce masa, to, wa ya kaɗa gitar da waƙar ke tafiya a kanta, wa kuma ya kaɗa bas, watau gitar nan mai babbar murya da ke ƙarƙashin kome, sai ya yi shiru. Sunan mutumin Steve Lukather. Yana nan rubuce cikin kwalin faifan, da ƙananan baƙaƙe, a wurin da ido bai cika sauka ba.

Ba wannan waƙa kaɗai ba ce. Ana ƙiyasta cewa hannun Lukather ya shiga faifai fiye da 1500. Ya yi wa Aretha Franklin kiɗa, da Diana Ross, da Donna Summer, da Barbra Streisand, da Elton John, da ƙungiyar Earth, Wind & Fire, har da Eric Clapton wanda shi kansa gwanin gita ne. Misali guda ya isa ya nuna girman lamarin. A Amurka akwai lambobin yabo na kiɗa da waƙa da ake kira Grammy, babbarsu kuwa ita ce ta faifan shekara. A 1983 faifan Toto IV ne ya ci ta, a 1984 Thriller, a 1985 kuma Can't Slow Down na Lionel Richie. Shekara uku a jere, faifai uku masu sunaye daban-daban, amma gitar mutum ɗaya tana cikin kowannensu.

Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Mai karatu zai iya zaton labarin ke nan: wani ya sha wahala, wani ya kwashe suna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rayuwar wannan mutum ta fi karin maganar faɗi. Tambayar da take ajiyewa ta shafi duk wanda ke aiki ƙarƙashin sunan wani, ko a kanti ko a ma'aikata: me ke saura ga ma'aikaci bayan an biya shi ladansa, an kuma manna sunan wani bisa aikin?

Sana'ar da ba ta da fuska

A birnin Los Anjalis, tun shekarun 1960, akwai wani rukunin makaɗa waɗanda ba su da mawaƙi nasu na kansu. Haya ake ɗaukarsu. Mawaƙi ya zo da waƙarsa, kamfani ya kama situdiyo, watau ɗakin ɗaukar murya, mashiryin faifai kuma ya buga waya ya kira waɗanda yake so: mai ganguna, mai piyano, mai bas, mai gita. Sandikar makaɗa ta Amurka ta yanka tsawon zama ɗaya awa uku, ta kuma yanka kuɗin da za a biya a kansa. Gwanayen da ake rububi sukan nemi ninki biyu. Wanda kasuwarsa ke ci yakan yi zama uku ko huɗu a rana: da hantsi yana ɗaki kaza tare da mai waƙar soyayya, da azahar yana wani tare da ƴan rok, da dare kuma ga kiɗan sinima ko na talla. Har akwai kamfanonin da aikinsu kawai jigilar kayan makaɗa daga wannan situdiyo zuwa wancan, domin mai kayan ya tarar an jera masa su.

Abin da ake nema wurinsa ba ƙarami ba ne. Waƙar dai bai taɓa jin ta ba. Sau da yawa abin da za a ajiye gabansa takarda ce mai ɗauke da ƙashin kiɗan kawai, naman kuwa daga kansa zai fito. Kowane minti kuɗi ne, domin hayar ɗakin na tafiya, ga mutane na jira. Tilas ya karanta takardar, ya fahimci abin da mawaƙin ke nufi ko da mawaƙin bai iya faɗa ba, ya ƙago abin da zai ƙawata waƙar, sa'an nan ya kaɗa shi babu kuskure da zarar an kunna jar fitila. In ya faye latti, ko gardama, ko nuna gwaninta inda ba a bukata, ba wanda zai tsaya yi masa faɗa. Kiran ne kawai zai ɗauke.

Na farkon wannan sana'a, sau da yawa ko sunansu ba a rubutawa. Su Tommy Tedesco mai gita, da Hal Blaine mai ganguna, da Carol Kaye mai bas, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da Wrecking Crew, su ne suka kaɗa waƙoƙi da dama da suka fito da sunan Beach Boys da Monkees da wasunsu, jama'a na zaton samarin da ke jikin hoto ne. A birnin Detroit ma, makaɗan kamfanin Motown sai a 1971, cikin faifan What's Going On na Marvin Gaye, aka fara jera sunayensu. Sa'ad da Lukather ya shigo, an riga an ci wannan ɗan ƙaramin yaƙi: suna yana fita, ko da yake da ƙananan baƙaƙe.

Yaron kwarin San Fernando

An haife shi ran 21 ga Oktoba 1957 a kwarin San Fernando, gefen Los Anjalis, cikin jihar Kalifoniya. Mahaifinsa ma'aikacin sinima ne, mataimakin darekta, watau shi ma yana cikin masu aiki a bayan fage. Yana da shekara 7 mahaifin ya sayo masa wata ƴar gita da faifan Meet the Beatles. Abin lura, cikin samarin nan huɗu na Ingila, wanda ya fi ɗaukar hankalin yaron shi ne George Harrison, mai gitar da ba shi da yawan magana. Da kunne ya fara koyo, yana maimaita faifai har sai ya kama abin da ya ji.

A lise ta Grant ne hanyarsa ta miƙe. Can ya haɗu da tsaransa Steve Porcaro, ta wurinsa kuma ya shiga gidansu, ya san yayyensa Jeff da Mike, da abokinsu David Paich. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Joe Porcaro, uban samarin uku, sanannen makaɗin situdiyo ne, Marty Paich kuwa, mahaifin David, gwani ne wajen tsara kiɗa. Jeff tun yana ɗan shekara 17 ya fara yi wa Sonny da Cher ganga, kafin ya cika 21 kuma ya kaɗa wa ƙungiyar Steely Dan, wadda aka sani da tsananin zaɓen makaɗa. A gidan nan Lukather ya gane cewa akwai wata hanyar cin abinci da gita ban da zama tauraro, ya kuma gane kunne kaɗai ba zai kai shi can ba. Sai ya tafi wurin wani tsohon gwanin jaz mai suna Jimmy Wyble, ya zauna ya koyi karatun rubutun kiɗa tamkar ɗan ajin fari.

A 1977, yana da shekara 19, mawaƙi Boz Scaggs ya ɗauke shi zagayen wasa, ya kuma sa shi cikin faifansa Down Two Then Left. Manyan masu gita na lokacin, irin su Jay Graydon da Lee Ritenour, aiki ya yi musu yawa, suka riƙa tura masa wanda ba su iya zuwa. Haka sana'ar ke gudana: babu takardar shaida, babu jarrabawa, sai dai wani ya tsaya wa mutum ya ce a kira wane. Wanda aka tsaya wa kuwa ya san in ya ba da kunya, ba sunansa kaɗai ya ɓata ba.

Bai ba da kunya ba. A 1981 shi ne ya kaɗa solo, watau wurin da ake barin gita ita kaɗai ta yi magana, cikin waƙar Physical ta Olivia Newton-John, wadda ta yi sati 10 a matsayi na ɗaya a Amurka. A 1983 aka kira shi ya yi wa Lionel Richie waƙar Running with the Night. Aka sako masa waƙar, ya shiga binta yana motsa yatsu, a zatonsa shiri yake kafin a fara. Da ya gama ya ce to a ɗauka, sai aka ce masa ai an riga an ɗauka. Wannan gwaji shi ne abin da duniya ta ji. Mai kallo daga nesa zai ce sa'a ce, amma ƴan mintocin nan, maimaicin kusan shekara 20 ne ya haife su.

Yadda aka gina Beat It

Mashiryin Thriller, Quincy Jones, ya san hannun Lukather tun daga faifansa The Dude na 1981. Lukather ya sha ba da labarin ranar da Maikal Jakson ya buga masa waya da kansa da sassafe: ya zaci abokansa ne ke tsokana, ya kife wayar, sai daga baya aka tabbatar masa da mai kiran. Zaman farko shi ne na waƙar The Girl Is Mine, inda ya sami kansa ɗaki ɗaya da Paul McCartney, ɗaya daga cikin mutum huɗun da ke jikin faifan da mahaifinsa ya sayo masa. A waƙar Human Nature, wadda abokinsa Steve Porcaro ya tsara kiɗanta, Lukather ne ya ƙago wannan ɗan sassanyan kiɗan gita da ke yawo bayan muryar Maikal.

Beat It kuwa da matsala ta zo. A wancan zamani bisa babban zare ake ɗaukar murya, in layukan zare ɗaya ba su isa ba sai a haɗa biyu su yi tafiya tare, wata alamar lokaci tana riƙe da su. Aka aika wa Van Halen zare ya sa nasa kiɗan, a can aka yanka zaren don a gyara wurin da zai shiga, yankan kuwa ya ɓata alamar, zaruruwan suka ƙi haɗuwa. Abin da ya rage mai amfani shi ne muryar Maikal, da solon Van Halen, da ɗan bugun da Maikal ya yi bisa wani akwati. Quincy bai so a taɓa muryar ba, saboda haka ya ba Jeff Porcaro da Lukather aikin da ya yi kama da gina ɗaki ƙarƙashin rufin da aka riga aka ɗora. Jeff ya saurari bugun akwatin ya shimfiɗa ganguna, Lukather ya bi da bas, sa'an nan ya jera gitoci bisa juna.

Da Quincy ya ji, sai ya ce kiɗan ya yi nauyi, gidajen rediyon da suka saba sa waƙoƙin Maikal ba za su amsa ba. Nan ne halin ɗan sana'a ke bayyana. Saurayi ne da bai wuce shekara 25 ba, ɗan rok har cikin jini, abin da ya kaɗa kuma ya yi masa daɗi. Bai yi musu ba. Ya koma ya ajiye babban ampili, ya ɗauki ƙarami, ya rage kaushi, ya sake aikin. Wani mai gita, Paul Jackson Jr., shi ma ya sa hannu, shi ma da ƙananan baƙaƙe. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a 1983, ta kuma ci lambar Grammy a 1984, a daren da Maikal Jakson ya tashi da lambobi 8. In ana neman sana'ar nan gaba ɗaya cikin aiki guda, to, wannan komawa ce da canja ampili: mai gita ya san waƙar ba tasa ba ce, amana aka ba shi.

Lada da hannun jari

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane inda gizo ke saƙa. Makaɗin situdiyo ladan zama ake biyansa, sau ɗaya, ban da ɗan abin da sandika ke rarrabawa daga baya. Wanda sunansa ke gaban kwali kuwa yana da rabo a kowane faifan da aka sayar. Wanda aka rubuta cewa shi ne mai waƙar yana da nasa a faifai, da kuma duk lokacin da rediyo ta sa ta, har magadansa su gada. Ɗan kiɗan da mai gita ya ƙago cikin ɗaki, ko da shi ne mutane ke yin fitonsa a hanya, ba a ƙidaya shi cikin rubuta waƙa. Na farko ɗan dako ne mai tsada, na biyu shi ne mai kaya.

Lukather bai tsaya ga dako kaɗai ba. Tare da Jay Graydon da Bill Champlin ya rubuta Turn Your Love Around, wadda George Benson ya rera, ta kawo musu Grammy a 1983. Mafi girma kuma, tun 1977 shi da Paich, da Jeff da Steve Porcaro, da David Hungate mai bas, da mawaƙi Bobby Kimball, sun kafa ƙungiyarsu ta kansu mai suna Toto. Faifansu na farko, na 1978, mai ɗauke da waƙar Hold the Line, ya karɓu ƙwarai; biyun da suka biyo baya, Hydra da Turn Back, ba su yi kasuwa kamarsa ba. Sai Toto IV ya fito a 1982, da Rosanna, da Africa, da I Won't Hold You Back wadda Lukather ya rubuta ya kuma rera da bakinsa, suka kwashe lambobi 6 a dare ɗaya. Kiɗan ƙarshen Rosanna, inda piyano da gita ke amsa wa juna, ba a tsara shi ba: waƙar ta ƙare, makaɗan suka ƙi tsayawa, zare kuma yana tafiya.

Waƙar Africa tana da nata abin dariya. Paich da Jeff Porcaro ne suka rubuta ta, a lokacin kuwa Paich bai taɓa taka nahiyar ba. Abin da ya gani a telebijin da abin da ya karanta ne ya harhaɗa. Lukather kansa bai ga alamar za ta yi kasuwa ba, kaɗan ya rage a bar ta waje. Ita ce ta hau matsayi na ɗaya a watan Fabrairu na 1983, ita kaɗai ce kuma waƙar Toto da ta taɓa kai wa can a Amurka. Gwanin da ke gane bukatar waƙar wani cikin minti biyar, ya kasa gane ta gidansu.

Sai dai abin da ya sa mashiryan faifai ke rububinsu, shi ne ya sa marubutan jaridun kiɗa suka ƙi jininsu. A ganin waɗannan, rok kiɗan tawaye ne na samari, kurakuransa ma ado ne; ƴan Toto kuwa ma'aikata ne masu tsabtar hannu, sun iya kome, saboda haka wai ba su da zuciya. Mujallar Rolling Stone ta daɗe tana sukarsu, har da ta nemi sa hotonsu a bangonta bayan nasarar 1983, suka ƙi. Har zuwa 2024 ba a shigar da Toto gidan tarihin rok na birnin Cleveland ba. Gidan da ya karrama su, a 2009, shi ne na Nashville wanda aka kafa domin makaɗa, watau ƴan sana'a ne suka shaidi ƴan'uwansu.

Wannan suka ta daɗe tana ci wa Lukather rai, bai kuwa ɓoye ba. Amma in an duba ta da kyau, tana tsaye bisa wani zato marar tushe, wai wanda ya ƙware har ya iya yi wa kowa aiki ba shi da abin kansa. Telan da ya iya yanka wa kowane jiki riga, ba a cewa ba shi da hannu. Ai a nan hannun yake. Miles Davis, babban mai busa na jaz, wanda ba a san shi da yabon banza ba, ya ɗauki Human Nature ya busa ta cikin faifansa na 1985, a 1986 kuma ya zo da ƙahonsa ya shiga faifan Toto mai suna Fahrenheit.

In kiɗa ya canja

Tun farkon shekarun 1980 sana'ar ta fara ja da baya. Injin ganga ya fito, piyanon lantarki mai kwaikwayon kowace irin murya ya yawaita, aikin da ke bukatar ɗaki cike da mutane ya koma na mutum ɗaya ko biyu. A shekarun 1990 kwamfuta ta shiga situdiyo: ana iya gyara kuskure, a yanka a liƙa, saboda haka darajar wanda ke kaɗawa daidai tun karon farko ta ragu. Daga 1999 kuma, da jama'a suka fara kwasar waƙoƙi kyauta ta intanet, kuɗin kamfanoni ya karye, manyan situdiyo da dama suka rufe. Zamanin da mai gita ke shiga ɗaki huɗu a rana ya wuce.

In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Lukather ya rage aikin haya tun kafin abin ya kai ga haka, ya mai da ƙarfinsa ga Toto da faifansa na kansa, wanda na farkonsu ya fito a 1989. Amma gidan nasu ma bai zauna lafiya ba. Hungate ya tafi a 1982, Mike Porcaro ya maye gurbinsa. Aka rabu da Kimball a 1984. Mawaƙa uku suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe Lukather ya amshi rera waƙa da kansa cikin faifan Kingdom of Desire. Ana gab da fitar da faifan, ran 5 ga Agusta 1992, Jeff Porcaro ya rasu yana da shekara 38. Shi ne yayan da ya jawo Lukather cikin sana'a, shi ne kuma ginshiƙin ƙungiyar. An riga an tsara zagayen wasa. Suka ɗauko Simon Phillips, wani mai ganguna ɗan Ingila, suka cika alkawari. A watan Disamba na shekarar aka yi taron tunawa da Jeff a Los Anjalis. Cikin waɗanda suka hau dandamali a daren har da George Harrison.

A waɗannan shekaru Amurka ta juya musu baya, amma Turai da Japan suka riƙe su. A Faransa suna da masoya da yawa, a birnin Paris ne ma aka ɗauki wasansu na 2007 aka mai da shi faifai. A Osaka ta ƙasar Japan Lukather ya yi wasa tare da Larry Carlton, ɗaya daga cikin magabatansa a sana'a, faifan da aka fitar daga wannan wasa kuma ya kawo masa Grammy ta biyar a 2002.

Tafiyar ta ci nata rabo a jikinsa. Kunnuwansa sun kamu da wata ƙara da ba ta yankewa, sakamakon shekarun da ya yi cikin amo. Cikin littafin tarihin rayuwarsa na 2018, The Gospel According to Luke, ya faɗa da bakinsa yadda giya da sauran kayan maye na wancan zamani suka nemi cinye shi. A 2008 ya ba da sanarwa cewa Toto ta ƙare: babu Paich a dandamali, babu ko Porcaro ɗaya, ya ga sunan ne kawai ya rage. Bayan haka ya bar giya da taba. Abin da ya maido da ƙungiyar a 2010 ba kwaɗayin suna ba ne. Mike Porcaro ne ya kamu da cutar nan mai shanye jijiyoyin jiki sannu a hankali, jinya kuwa a Amurka tsada gare ta. Suka koma hanya domin su tara masa abin taimako. Ya rasu ran 15 ga Maris 2015.

Komawa ga faifan farko

A 2012 Ringo Starr, mai gangar Beatles, ya gayyace shi cikin ƙungiyarsa ta All-Starr Band, inda ya shafe fiye da shekara 10. A 2014, da aka yi bikin cika shekara 50 da fitowar Beatles ta farko a telebijin ɗin Amurka, yana cikin makaɗan da aka zaɓa su raka mawaƙan daren. Yaron da ya koyi gita daga faifan mutum huɗu, ya kai ga yin kiɗa tare da uku daga cikinsu. Ko a ranar bikin kuwa, wurin da ya tsaya shi ne wurin da ya saba: ɗan baya kaɗan, gefen mai waƙa.

Waƙar da ya raina ita ma ta sake tashi. A 2018 ƙungiyar Weezer ta sake rera Africa, samarin da ba a haifa ba a 1983 suka rungume ta, har sauraronta a Spotify ya wuce sau miliyar ɗaya. Cikin mutum shidan da suka kafa Toto, Lukather kaɗai ne ya bi kowane zagayen wasa tun daga farko. A 2023, yana da shekara 65, ya fitar da Bridges, faifansa na tara. Akwai kuma wuri guda da aka rubuta laƙabinsa inda kowa zai gani: tun shekarun 1990 kamfanin Music Man ke ƙera wata gita mai suna Luke. Ba bisa allon talla aka sa sunan ba, bisa kayan aiki aka sa shi, wanda wasu makaɗa za su saya su je su yi wa wasu mawaƙa kiɗa.

Yawancin manyan da suka haɗu a kan Beat It sun riga sun tafi: Jeff Porcaro a 1992, Maikal Jakson a 2009, Eddie Van Halen a 2020, Quincy Jones a 2024. Ladan wancan zama an daɗe da cinye shi. Sunan yana nan da ƙananan baƙaƙe, kaset ɗin da aka kwafa a kasuwa kuwa ko su bai zo da su ba. Sana'ar kanta, yadda ya same ta, ba ta nan.

Abin da ya saura shi ne abin da ba a rubutawa a kwali. Ran da zare ya lalace, Quincy Jones yana da ɗaruruwan masu gita a birni ɗaya, amma ya san wanda zai kira. Ran da Jeff ya rasu, aka cika alkawarin wasa. Ran da Mike ya kwanta, aka koma hanya. Halin da marubuta suka yi wa ba'a, na ma'aikacin da ke zuwa kan lokaci, ya saurara, ya yi abin da aikin ke bukata ko da ba shi ransa ya fi so ba, shi ne ya riƙe mutumin nan kusan shekara 50 cikin kasuwar da taurari da yawa ba su yi biyar a cikinta ba. Masu sauraro ba su san shi ba, masu aikin sun san shi. Duk wanda ya sake jin Beat It, in ya karkata kunne daga muryar kaɗan ya saurari abin da take tafiya a kai, zai ji wani saurayi da aka ce masa aikinsa ya yi nauyi, ya koma ya sake.